Kwas ɗin tsara fuskar manhaja da aikin gama jami'a: daga ina ake farawa?

Nasiru, Makka:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta, wannan zangon muna da kwas ɗin mu'amalar mutum da kwamfuta. Aikin gama karatuna manhaja ce ta jawwal, wato wayar hannu, don alhazai masu jin Hausa, musamman dattawa: ta nuna wa mutum hanyar komawa masauki, lokutan motar zuwa Harami, da yadda zai kira jami'in da ke kula da su. Da Hausa da Larabci za ta yi aiki. Duktur ya ce zane kaɗai ba zai karɓa ba, sai da gwajin sauƙin amfani. Daga ina ake farawa, kuma mutum nawa ake gwadawa da su?

Malam Habibu, Riyad:
Wa alaikumus salam. Nasiru, duktur ɗinka ya yi maka gata. Rufe Figma, manhajar zana fuskar allo, tukuna. Yawancin ɗalibai nan suke tuntuɓe, su ƙare sati uku suna zaɓen launi alhali ba su san wa za su yi wa aikin ba.

Abin da za a auna a kwas ɗin nan yana da ma'ana ƙayyadaddiya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9241-11 ta ce sauƙin amfani abu uku ne: mutum ya cimma abin da ya zo yi, nawa ya kashe na lokaci da wahala, sannan ko ransa ya kwanta da abin. Kuma ta ɗaura su a kan wasu mutane sanannu, da wata buƙata sananniya, a wani yanayi sananne. To rubuta waɗannan ukun kafin komai. "Alhazai" ya yi faɗi. Ka ce: tsohuwa mai shekara 65, wayar Android ƙarama da ɗanta ya saya mata, ba ta karatun boko sosai, tana tsaye a rana bayan azahar, hannu ɗaya riƙe da jaka. Ita za ka tsara wa.

Bayan haka ka zaɓi ayyuka uku ko huɗu kacal, ka zana allon kowanne a takarda da biro. Takarda ba ta sa ka jin ciwon yagawa. Sai takardar ta tsira daga hannun mutane sannan ka koma kwamfuta. Batun adadi kuwa, mutum biyar a kowane zagaye, zagaye uku.

Ummu Fadila, Madina:
Malam, a yi mini afuwa, ina da gyara a kan biyar ɗin nan, don ɗalibai sun mayar da ita kamar aya. Asalinta lissafin Jakob Nielsen da Thomas Landauer ne na 1993. Sun ɗauka cewa matsakaiciyar matsala tana bayyana ga kashi 31 cikin ɗari na masu gwaji, sai aka lissafa mutum biyar za su tono kusan kashi 85 na matsalolin. Amma idan matsalar tana samun mutum ɗaya ne cikin goma, damar ka gan ta da mutum biyar kashi 41 ce kawai. Kuma lissafin yana aiki ne idan mutanen iri ɗaya ne. Na Nasiru ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai karanta boko, akwai wanda Larabcin allo kaɗai ya sani, akwai wanda sai dai a karanta masa. Kowane rukuni na buƙatar nasa uku ko huɗu. Sannan idan duktur yana son alƙaluma, wato matsakaicin daƙiƙu ko kashi nawa suka yi nasara, biyar ba ta isa a tsaya gaban kwamiti da ita ba. Wannan sai daga ashirin zuwa sama.

Malam Habibu, Riyad:
Na karɓa, Hajiya. Biyar ta neman matsala ce, ba ta kafa hujja ba. Amma zango ɗaya gare shi. Gara zagaye uku ƙanana da gyara a tsakaninsu da babban gwaji ɗaya a satin ƙarshe wanda ba za a iya gyara komai bayansa ba.

Hajiya Bilkisu, Jidda:
Ku bar ni in shiga ta wajen zaman gwajin kansa, don a nan ne littattafan da ake koyarwa da su ba su san mutanenmu ba.

Nasiru ɗana, za a koya maka a aji ka ce wa mai gwaji ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana dannawa. Da dattijon Bahaushe wannan ba ya tafiya haka nan. Na farko, ba zai kushe aikin yaro a gabansa ba. Ka tambaye shi yaya ya gani, zai ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka, alhali minti huɗu ya yi yana neman maɓalli ɗaya. Na biyu, in ya kasa, kansa zai ɗora wa laifi: "ai ni ne ban iya waya ba." Daga nan zai miƙo maka wayar, gwaji ya ƙare.

Ga yadda ake kauce wa haka. Kada ka ce kai ka yi manhajar, ka ce an ba ka ne ka nemo inda take ba mutane wahala. Ka faɗa tun farko, ka kuma maimaita, cewa wayar ake jarrabawa ba shi ba. Ka zaunar da mutum biyu da suka saba da juna kan waya ɗaya, su yi aikin tare. Abin da ba za su faɗa maka ba za su faɗa wa juna: "a'a, ba nan ba, wancan koren." Kai kuma biro da takarda, bakinka alaikum. Idan an tambaye ka "nan zan taɓa?", amsarka ɗaya ce: "Baba, da ba na nan, ina za ka taɓa?"

Rubuta aikin ma sai da lura. In ka ce "danna Masauki ka ga hanya", ka riga ka ba da amsa. Ka ce: "An idar da sallar isha'i, kin fito ta ƙofar da ba ki sani ba, abokan tafiya sun ɓace miki. Ga waya, yi abin da za ki yi." Kalmar da ke kan allo kada ta fito daga bakinka.

A takardarka ka ja layi huɗu: ya gama da kansa, ya gama da taimako, ko ya kasa, daƙiƙa nawa, sau nawa ya taɓa inda ba nan ba, da abin da ya furta, kalma da kalma. Zaman kada ya wuce minti talatin zuwa arba'in. Mata kuma a samu mace ta jagoranci zamansu, kamara ta kalli allo da yatsu kawai.

Ummu Fadila, Madina:
In ƙara a kan kamara. Dokar kare bayanan mutane ta ƙasar nan, Saudiyya, ta fara aiki a Satumban 2023, kuma murya da fuska duk bayanan mutum ne. Nasiru ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku kafin ka naɗi kowa, kuma ka nema da wuri don ba a kwana ɗaya ake bayarwa ba. Takardar yarda a karanta wa mutum ita da Hausa. Sunansa kada ya shiga rahoto, ka ba shi lamba. Kuma kada ka ɗauki kamara ka nufi Harami da sunan bincike. Masauki ya ishe ka, da izinin shugaban tawaga.

Nasiru, Makka:
Na gode iyayena. To batun harshe biyu fa? Na ɗauka in na gama na Hausa sai in juya shi kamar madubi ya zama na Larabci.

Yaya Auwal, Dammam:
Ƙanena, wannan zaton shi ne ramin da zai cinye maka wata guda. Saurara.

Juyawar kanta tana da sauƙi in ka fara daidai. A shafin intanet ka sa dir="rtl" da lang="ar" a saman shafi, a CSS, harshen tsara shimfiɗar shafi, kuma ka manta da left da right, ka riƙa rubuta margin-inline-start da padding-inline-end. A Android ka kunna supportsRtl, ka yi amfani da start da end; tun Android 4.2 wannan yake nan. In ka yi haka tun ranar farko, galibin shimfiɗar za ta juya da kanta. In ka bari sai ƙarshe, layi-layi za ka bi.

Amma ba komai ake juyawa ba. Kibiyar komawa baya tana juyawa, haka sandar da ke nuna ci gaban aiki. Agogo ba ya juyawa. Maɓallin kunna sauti ba ya juyawa. Taswira ba ta juyawa, kuma a manhajarka wannan babban abu ne: in tsarin ya juya kibiyar "bi dama" ta koma hagu saboda an canza harshe, ka aika tsohuwa Jarwal alhali Misfala za ta. Kibiyoyin hanya ka kulle su.

Sai lambobi. A cikin rubutun Larabci lamba daga hagu zuwa dama take tafiya. Ka sa lambar waya mai +966 da tazara tsakanin rukunoninta a cikin jimlar Larabci, za ka ga rukunonin sun jeru a baibai, alamar + ta koma ɗaya gefen. Maganinsa ka naɗe lambar a cikin alamar HTML ta bdi mai dir="ltr". Haka za ka yi wa duk sunan otal da aka rubuta da boko a tsakiyar Larabci.

Wata kuma: wanda madannin wayarsa na Larabci ne zai iya rubuta maka ٠١٢٣ maimakon 0123. A JavaScript, \d mai neman lamba ba ya gane su, parseInt mai mayar da rubutu lamba ma haka. Sai fom ya ce lamba ba daidai ba ce alhali mutum yana kallon lambarsa daidai. Ka mayar da haruffan U+0660 zuwa U+0669 su koma 0 zuwa 9 kafin ka tantance. Lambar iƙama, wato katin zaman baƙo, goma ce tana farawa da 2, ta ɗan ƙasa da 1, jawwal goma yana farawa da 05. Alhaji kuwa ba shi da iƙama, fasfo gare shi mai haruffa da lambobi a gauraye, don haka kada ka buɗe masa madannin lambobi zalla.

Kuma kada ka taɓa sa letter-spacing, wato tazara tsakanin haruffa, a rubutun Larabci, yana tsinka haɗin haruffa. Ka ƙara masa tazarar layi fiye da na boko, in ba haka ba wasulla su hau kan juna.

Malam Habibu, Riyad:
Auwal, ka manta da namu ɓangaren.

Yaya Auwal, Dammam:
Ina zuwa, Malam. Haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da manyansu. Salon rubutu da yawa masu kyan gani ba su da su. Waya ba za ta ce maka komai ba, sai ta aro harafin daga wani salon, ka ga "ƙofa" harafin farko ya fi sauran kauri ko ya ɗan karkace. Kafin ka zaɓi salo rubuta "Ɓaɓɓake ɗaki ƙarƙashi" ka duba da siriri da mai kauri. Noto Sans yana da su duka.

Akwatin bincike ma. Mutane da yawa Dahiru za su rubuta, a rumbun bayanai kuma Ɗahiru ne. Dabarar da ake cire wa é ɗigonta ta koma e ba ta aiki a nan, don a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ɗ harafi ne mai zaman kansa, ba d da ƙari ba. Sai ka rubuta teburinka da hannu: ɗ ta zama d, ƙ ta zama k, ɓ ta zama b. A Larabci kuma أ da إ da ا su zama ɗaya, haka ة da ه. Akwatin suna ya karɓi apostrofi, in ba haka ba Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il duk sun tsaya a ƙofa. Kuma kada ka kwafo fom ɗin nan ƙasar mai gurbi huɗu, suna, uba, kaka, dangi, ka ce dole a cike. Fasfon Najeriya ko na Nijar ba haka aka tsara shi ba.

Baffa Tanko, Sharar Mansur:
Duk na ji ku, kuma Allah ya ƙara basira. Amma ina ganin kuna gyara rubutu ga mutanen da ba karantawa za su yi ba. Kashi mai yawa na dattawan nan saƙon murya suke yi a WhatsApp, ko sunan mutum ba sa nema, hotonsa suke ganewa. In dole sai rubutu, me zai hana ajami, tunda shi suka tashi da shi a makarantar allo?

Hajiya Bilkisu, Jidda:
Baffa, rabin maganarka ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Murya ita ce gaba. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft ta Indiya sun yi shekaru suna gwada manhajoji da waɗanda ba su yi karatu ba, abin da ya fito shi ne hoto haɗe da murya ya fi rubutu, kuma jerin zaɓi mai hawa-hawa yana ɓatar da su. Ga Nasiru ma'anarsa ita ce allon farko ya ɗauki manyan maɓallai uku ko huɗu, ba a ɓoye komai a ƙarƙashin layuka ukun nan na kusurwa ba. Maimakon alamar gida irin ta Turawa mai jinka, a sa hoton ƙofar otal ɗin na gaske. Kowane maɓalli da ɗan lasifika a gefensa, muryar mutum ce aka naɗa, jimla ɗaya gajeriya.

Ajami kuwa ina da ja. Karanta Alƙur'ani da allo daban ne da karanta umarnin waya da ajami, kuma babu rubutu ɗaya da kowa ya yarda da shi: na Kano da na Sakkwato sukan bambanta wajen rubuta wasu sautuka. Kada a yanke hukunci a zaure. A buga jimla ɗaya da boko, da ajami, da Larabci mai sauƙi, a ba mutum goma, a ga wanne ake karantawa ba tare da gargada ba.

Baffa Tanko, Sharar Mansur:
Na yarda a gwada. Amma a gwada da rubutun da suka sani, irin na Warsh, mai ɗigon fa a ƙasa da ɗigon ƙaf ɗaya a sama. In aka kawo musu irin na jaridun nan ƙasar suka kasa, ba ajami ne ya kasa ba.

Yaya Auwal, Dammam:
Wannan yana yiwuwa, Baffa. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da salon rubutu biyu, Alkalami da Harmattan, kyauta, don rubutun Afirka ta Yamma aka yi su, kuma fa da ƙaf da nun na Afirka sun shiga Unicode tun 2016. Sai dai a cusa salon a cikin manhajar, kada a dogara da na waya. Murya ma ba nauyi: a tsarin matse sauti na Opus mai kilobit 16 a daƙiƙa, daƙiƙa goma kilobait 20 ce, guda ɗari megabait 2. A sauke su duka tun a masauki. A Mina layi cushewa yake yi, manhajar da sai da intanet take magana ta zama kurma a ranar da aka fi buƙatarta.

Ummu Fadila, Madina:
Ga ma'aunan da kwamiti zai tambaye ka, Nasiru. WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa shafukan intanet ga masu lalura, tana son bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, babban rubutu 3 bisa 1. Toka-tokan nan mai lambar launi #777777 a kan fari 4.48 ne, ya faɗi. #767676 ya haye da ƙyar. Amma wannan mafi ƙaranci ne, na cikin ɗaki. Ranar Makka da idon da ya fara yana, nufi 7 bisa 1. Fita tsakar gida da azahar ka duba allonka, gani ya kori ji.

Girman wurin taɓawa: Google ta ce 48dp, Apple ta ce 44pt (dp da pt ma'aunan girma ne a allon waya). Ga yatsan da ke rawa ka wuce haka, ka bar tazara aƙalla 8dp. Dokar Fitts ta 1954 da za ku yi a aji ita ce dalili: abu ƙarami kuma mai nisa ya fi ɗaukar lokaci da kuskure. Don haka maɓallin kiran jami'i ya zauna ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa. Rubutu a sa shi da sp, ma'aunin da ke bin saitin girman rubutu na waya, sannan ka shiga saitin waya ka ƙara girma zuwa ƙarshe, Android 14 yana kaiwa kashi 200, ka ga abin da ya yanke. Ja da kore kaɗai kada su zama alamar kuskure da daidai, a haɗa da siffa ko murya. Ranar haihuwa kuma gurbi uku na rubutawa. Kalandar da ake ja wata-wata, mai shekara saba'in sai ya danna sau 840.

Nasiru, Makka:
Duktur ya ambaci SUS, takardar tambayoyin auna sauƙin amfani. In yi amfani da shi?

Ummu Fadila, Madina:
Yi, amma ka san iyakarsa. John Brooke ya tsara shi a 1986, jimla goma, amsa daga 1 zuwa 5. Jimlolin mara, wato 1, 3, 5, 7, 9, ka cire 1 daga amsar. Na cika kuma, wato 2, 4, 6, 8, 10, ka cire amsar daga 5. Ka tara ka ninka da 2.5. Misali amsoshin mara 4, 4, 5, 4, 3 sun ba da 15, na cika 2, 3, 1, 2, 2 sun ba da 15, jimla 30, maki 75. Matsakaici wajen 68 ne, kuma 75 ba kashi 75 cikin ɗari ba ne, kada ka rubuta haka a rahoto.

Matsalarsa a wajenmu ita ce rabin jimlolin yabo ne, rabi kushe, a jere bi da bi. Dattijo mai kara zai ce "haka ne" ga duka goman, sai maki ya faɗo tsakiya ba tare da ya nuna komai ba. In ka ga takarda duk amsa ɗaya, ware ta ka bayyana dalili. Kuma da ka mayar da jimlolin Hausa da kanka, ba za ka iya kwatanta makinka da 68 kai tsaye ba. Ka rubuta wannan a babin iyakokin bincike.

Malam Habibu, Riyad:
Abu ɗaya da aka tsallake. Kafin ka ɓata lokacin dattawa, ka ba abokan ajinka uku zuwa biyar samfurin su bi shi da ƙa'idodi goma na Nielsen na 1994. Kowa shi kaɗai, ba a tare ba, don in suka zauna tare mai baki zai rinjayi sauran. Sannan a haɗa, a ba kowace matsala nauyi daga 0 zuwa 4. Masu 3 da 4 a gyara kafin zagayen farko. A rahoto kuma, kowane canji da ka yi a sa hoton da, hoton yanzu, da abin da aka gani a gwaji da ya jawo shi. Shi masu ɗaukar aiki ke dubawa ma, ya fi allo ashirin masu sheƙi.

Hajiya Bilkisu, Jidda:
Ka lissafa lokacinka da kalandar Hijira, ba ta jami'a kaɗai ba. In zangonka bai faɗo kan aikin hajji ba, masu umara za ka samu, sun fi yawa a Ramadan, kuma da rana a Ramadan babu mai zama maka minti talatin. Sannan kada ka cike gurbi da iyayenmu mazauna Makka. Wanda ya shekara talatin a nan ya san hanya ko babu waya, yana jin Larabci, ya saba da manhajojin gwamnati irin Absher da Nafath. Zai haye gwajinka cikin sauƙi ya ba ka sakamakon ƙarya.

Nasiru, Makka:
Na fahimta, Hajiya. Samfurin takardar fa, yaya zan yi da murya tunda takarda ba ta magana?

Hajiya Bilkisu, Jidda:
Mutum na biyu ne kwamfutar. Yana zaune gefe da takardun allo a jere, in an taɓa maɓalli ya canza takarda, in an taɓa lasifika ya kunna muryar daga wata wayar. Kada ya karanta da bakinsa, don zai riƙa ƙara bayani ba da saninsa ba. Ku yanka takardun daidai girman waya, ku manna su a kan kwali, a riƙe a hannu ɗaya a tsaye.